Koyar da Yara a Gida: Jagora ga Iyaye Masu Farawa

An shirya wannan bayani ne domin iyaye da masu riƙon yara na Birnin Lalle da sauran garuruwan yankin Dakoro, waɗanda wani dalili ya zaunar da ƴaƴansu gida, amma ba sa son karatun yaran ya tsaya. Dalilan suna da yawa, kuma kun fi kowa saninsu. Akwai ƙauyen da makarantar boko, wato lakwal, ta yi wa nisa, yaro ɗan shekara bakwai ba zai iya zuwa ya dawo a ƙasa ba. Akwai makiyayin da ke hawa arewa da dabbobinsa da damina, ya wuce kwarin Tarka, ba ya gangarowa sai bayan kaka. Akwai ajin zana, wanda ba a kafa shi sai an yi girbi an sami kara, kuma da ruwan fari ya sauka sai a watse. Akwai kuma abin da ke faɗowa babu shiri. A 2020 cutar korona ta rufe makarantun Nijar daga watan Maris zuwa farkon Yuni. A 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Kuma duk wanda ya tuna gobarar da ta ci azuzuwan zana a Maraɗi ranar 8 ga Nuwamba 2021, inda yara aƙalla 25 suka rasu, ba zai zargi uwar da hankalinta bai kwanta da irin wannan aji ba.

Me ake nufi da koyarwa a gida?

A wasu ƙasashe akwai iyayen da ke cire ƴaƴansu daga makaranta da gangan, su koyar da su da kansu har su girma. A Amurka doka ta yarda da haka a kowace jiha. A Faransa, tun 2022, sai an nemi izinin hukuma. A Jamus kuwa ba a yarda ba. Masu yin haka galibi suna da littattafai, da wutar lantarki, da karatu mai zurfi. Halinmu daban ne, don haka manufarmu ma daban ce. Abin da muke nufi a nan shi ne ku riƙe karatun yaro a gida har ranar da zai shiga makaranta ko ya koma cikinta. Gada ce, ba masauki ba. Takardar shaida, da Faransanci mai kyau, da zama cikin tsara, makaranta ce ke ba da su.

Kada kuma a ce wannan baƙon abu ne. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta shirya mata malamai da ake kira jajis, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Makarantar zaure da makarantar dare har yau suna nan. Mun daɗe da sanin cewa tabarma ɗaya da malami ɗaya sun isa a fara karatu.

Ku fara da sanin inda yaro yake

Iyaye da yawa suna farawa da tambayar ajin da yaro ya kai, sai su nemo littafin wannan aji. Wannan hanya tana ɓad da mutum. Binciken PASEC na 2019, wanda ya auna ɗaliban ƙasashen Afirka da dama, ya nuna cewa a Nijar kimanin uku ne kawai cikin goma na yaran da ke ƙarshen firamare suka kai matakin karatun da ake bukata. Wato yaro zai iya kasancewa a aji biyar alhali bai gama sanin baƙaƙe ba. Idan kuka ɗora masa littafin aji biyar, zai haddace, zai yi shiru, ko ya gudu.

Ga gwaji mai sauƙi, irin wanda ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yaɗa, kuma ake amfani da shi a ƙasashen Afirka da yawa. A rubuta abubuwa huɗu a takarda ɗaya da Hausa: baƙaƙe goma a warwatse, kalmomi goma gajeru kamar gero, rijiya, akuya, sai jimloli huɗu masu sauƙi, sai ɗan labari mai layi takwas ko goma. A ba yaro jimlolin tukuna. In ya karanta su ba tare da tangarɗa ba, a hau da shi zuwa labarin. In ya kasa, a sauko zuwa kalmomi, in ya kasa a sauko zuwa baƙaƙe. Inda ya tsaya da ƙafarsa, nan ne ajinsa na gida, ko shekarunsa nawa. Haka za a yi da lissafi: sanin lamba daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, sannan tarawa da ɗebewa, sannan rabawa. A yi gwajin cikin raha, ba a gaban baƙi ba. A ajiye takardar, a maimaita bayan wata ɗaya. Ita ce za ta faɗa muku ko aikin yana ci gaba.

Lokaci da wuri

Kada ku yi ƙoƙarin mayar da gida makaranta mai awa shida. Ba za ku iya ba, yaron ma ba zai iya ba. Ga yaro mai shekara shida zuwa takwas, rabin awa na karatu da rabin awa na lissafi sun isa, da hutu a tsakani. Wanda ya fi haka girma zai iya yin awa ɗaya da rabi. Abin da ya fi yawan lokaci muhimmanci shi ne dawwama: kullum, a lokaci guda, a wuri guda. Ku ɗaure lokacin da wani abin da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar la'asar, ko da hantsi bayan an sha fura. Da damina, lokacin noma, a rage amma kada a daina, ko da minti goma sha biyar ne bayan an dawo daga gona. Yaron da ya yi wata huɗu bai ga baƙi ba yakan koma baya ƙwarai.

Wuri kuwa, inuwa da tabarma sun wadatar. In da dare za a yi, a nemi fitila mai aiki da hasken rana. Yaro mai jin yunwa ba ya riƙe karatu, don haka a bar shi ya ci abin da ya samu tukuna. In kun ga yana kai takarda dab da idonsa, ko sai an ɗaga murya yake juyowa, ku kai shi gidan likita kafin ku ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

Bulala kuma a ajiye ta. Yaron da ke jiran duka hankalinsa na kan hannun malami, ba kan allo ba.

Karatu: a fara da Hausa

A nan ne ake yawan gardama da iyaye. Sukan ce: Hausa ai ya iya, Faransanci muke so ya koya. Gaskiya ne ya iya magana da Hausa, amma karatu wata sana'a ce daban. Karatu shi ne gane cewa wannan zane yana ɗauke da wannan sauti, kuma in an harhaɗa sautuka za su ba da magana mai ma'ana. Sau ɗaya ake koyon wannan a rayuwa, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro ke ji. In ya haɗa ra da go ya ji rago, fuskarsa za ta washe, don ya san rago. In ya haɗa baƙaƙen kalmar da bai taɓa ji ba, ba shi da hanyar sanin ko ya yi daidai. Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida, a wata makaranta a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasar ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wanda ya koyi rubutun Hausa bai yi asarar lokaci ba.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san tsarin: babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Haka boko yake, sai dai a nan ya fi kyau a fara da wasula biyar, a, e, i, o, u. Sannan a ɗauko baƙi ɗaya a zagaya da shi: ba, be, bi, bo, bu. A kira baƙi da sautinsa, ba da sunansa na Faransanci ba. Da an sami baƙaƙe uku ko huɗu, a fara gina kalmomi nan take, kada a jira a gama duka. Da b, k, n da m kaɗai za a sami baba, kaka, nono, nama, baki, makani. Baƙi biyu ko uku a mako sun isa. Yaro ya faɗa, ya zana da yatsa a rairayi, sannan ya rubuta a allo. Rairayi kuwa Allah ya hore mana shi, ba ya ƙarewa, ba a kuma saye.

Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, a bar su sai yaro ya zauna da ƴan'uwansu marasa ƙugiya, sannan a koya su bibbiyu domin ya ji bambanci: baki da baƙi, dari da ɗari, bari da ɓari. Bayan su sai tagwaye irin su sh, ts, ky, gw.

Akwai tarko uku da ya kamata ku sani tun da wuri.

Na farko, bakinmu na Gobir da Katsinar Maraɗi ya ɗan bambanta da Hausar littafi. Yaro na cewa tahi, littafi ya rubuta tafi. Yana cewa hwari, littafi ya rubuta fari. Kada a ce masa maganarsa kuskure ce. A ce masa: haka muke faɗi, haka kuma ake rubutawa domin mutumin Kano da na Damagaram da na Dakoro su karanta takarda ɗaya.

Na biyu, littattafan Nijeriya suna rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafi a sama, na Nijar kuma suna rubuta ƴaƴa da ƙugiya. Sauti ɗaya ne. A nuna wa yaro duka biyun.

Na uku shi ne ranar da za a shiga Faransanci. Baƙaƙen ɗaya ne amma wasu sautukan sun sauya. Abin da Hausa ke rubutawa da u, Faransanci na rubuta shi ou. Abin da muke rubutawa da sh, su ch suke sa masa. Namu c kuma su tch ne. Allunan bakin hanya za su taimake ku: Tasawa ta zama Tessaoua, Madawa ta zama Madaoua, Ɗan Gulbi ya zama Dan Goulbi. Yaron da ya ƙware a Hausa, in aka nuna masa waɗannan, yakan kama su da wuri. Kafin nan, Faransanci na baki, kamar gaisuwa, ƙirga, sunayen abubuwan gida, za a iya fara shi tun ranar farko in akwai mai ji a gidan.

Da yaro ya fara haɗa jimla, a ba shi aikin gaske. Ya rubuta sunayen mutanen gida, ya rubuta abin da za a sayo a kasuwa, ya rubuta saƙo zuwa ga baba ko yaya da ya tafi cin rani. Kaka ta yi tatsuniya da dare, da safe ya rubuta layi uku daga cikinta. A aike shi wurin dattawa ya tambayo yadda Gobirawa suka taso daga Azbin suka zauna Birnin Lalle kafin su gangara kudu, ya dawo ya rubuta abin da ya ji. Ga tarihi, ga rubutu, ga ladabi a aiki ɗaya.

Lissafi

Yaranmu sun fi sanin lissafi da ka fiye da yadda ake zato. Yarinyar da ke talla tana ba da canji daidai, yaron da ke kiwo ya san in akuya ɗaya ta ɓace cikin arba'in. Aikin gida shi ne a haɗa wannan sani da rubutun lamba. A yanka karan dawa ƙanana, a ɗaure su goma-goma. Ɗauri uku da kara huɗu shi ne 34. Wanda ya kwance ɗauri da hannunsa domin ya ɗebe 8 daga 34 ya fahimci abin da ake kira aro, ba haddacewa ya yi ba. Tsakuwa, ƙwallon aduwa, ramukan dara, tiyar hatsi, damman gero a rumbu, duk kayan aiki ne.

A kula da kuɗi, domin nan yara ke rikicewa. A kasuwa da dala muke ƙirga, makaranta kuma da tamma take lissafi. Dala ɗaya tamma biyar ce. Abin da yaro ya sani da dala ashirin, a jikinsa 100 aka rubuta. Dala ɗari ita ce 500, jikka kuma 1000. A zube kuɗin a tabarma, ya faɗi sunan kasuwa, ya karanta lambar da ke jiki. Daga nan ya shiga ninkawa da biyar bai sani ba.

In ku kanku ba ku yi boko ba

Wannan ne halin gidaje da yawa, kuma ba ya hana komai. Rabin aikin ba ya bukatar karatu: tsare lokaci, sauke wa yaro aiki a wannan lokaci, zama kusa da shi, da ce masa karanta mini in ji. Kunnenku ya san Hausa, in ya karanta abin da ba shi da ma'ana za ku gane. Ɗaya rabin kuma a nemi mai yi. Gida uku ko huɗu su haɗu su sami ɗan kwaleji, ko matar da ta yi lakwal kafin aure, ko wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, ko mushe mai ritaya. A yi magana a fili kan abin da za a ba shi, kuɗi ne ko hatsi, da ranar biya, domin irin wannan shiri rashin cika alkawari ne ke kashe shi. Yara kada su wuce goma, a raba su bisa gwajin nan, ba bisa shekaru ba. Wurin karatu ya zama a sarari, inda babba na gida ke gani. Makiyaya da ke sauka zango ɗaya za su iya yin haka, allo da alli ba su da nauyi a kan jaki.

In akwai ajin yaƙi da jahilci a garinku, ku shiga. Uwa da ɗa a kan baƙi ɗaya, kowa na gyara wa kowa, yana daga cikin abubuwan da suka fi saurin zaunar da karatu a gida.

Ina za a sami abin karantawa?

Ku fara da na kusa. Daraktan makarantar da ta fi kusa da ku zai iya nuna muku littafin da ake aiki da shi da inda tsaran yaronku suka kai, wani lokaci ma ya ba da aro. Kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, da ƙungiyar iyaye mata, an kafa su ne domin irin wannan. A Dakoro akwai ofishin sufeton makarantu da masu kula da yaƙi da jahilci. A Yamai, cibiyar INDRAP ta daɗe tana shirya littattafan koyarwa, har da na harsunan gida, kamfanin Gashingo kuma yana buga littattafan yara da Hausa.

Daga Zariya akwai jerin nan uku da suka koyar da mutane masu yawa: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Wanda ya wuce su sai a ba shi Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A tambayi masu sayar da littattafai a Maraɗi, ko a ba mai zuwa Katsina ko Kano saƙo.

Mai babbar salula zai sami labaran yara da Hausa kyauta, masu hotuna, a African Storybook da Bloom Library. A sauke su lokacin da aka shiga gari inda intanet ke da ƙarfi, a karanta a gida. Amma a riƙe wayar tare da yaro. In aka bar masa ita shi kaɗai, ba karatu zai yi ba.

In duk wannan bai samu ba, ku yi littafinku. Littafin rubutu ɗaya, mai kyakkyawan hannu ya rubuta tatsuniyoyi goma na garinku da manyan baƙaƙe, yara su yi zane. Ya zaga gida-gida.

Ƴaƴa mata

In yara suka zauna gida, namiji yakan sami sarari, mace kuwa aiki ke cinye ta: rijiya, daka, itace, raino, talla. A ƙasar da rijiya ke da zurfi kamar tamu, ɗiban ruwa kaɗai na iya cin safiya. In ba a keɓe mata lokacinta da gangan ba, a ce wannan awa ba mai aikenta, to karatun gida zai zama na maza kawai. Kuma zaman gida kada ya zama ƙofar aurar da ita da wuri. A watan Disamba na 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman domin kare yarinyar da ke karatu da tallafa mata har ta kai shekara 16.

Hanyar komawa makaranta

Tun ranar da kuka fara, ku je ku gaida daraktan makaranta, ku faɗa masa sunan yaro da dalilin zamansa gida. In da ma ɗalibi ne, ku roƙa kada a soke sunansa, ku kuma riƙa kai littafinsa a duba lokaci-lokaci. Makiyayi ya yi wannan magana kafin ya tashi, ya faɗi watan da yake sa ran dawowa.

Yaron da shekarunsa suka wuce na shiga aji ɗaya bai makara ba. Akwai azuzuwan gaggawa da ake kira paserel, tsarin da aka fara a Mali a 2004 kafin ya iso Nijar. Wata tara ake yi, ana farawa da harshen gida sannan a shiga Faransanci, a ƙarshe a yi wa yaro gwaji a sa shi ajin da ya dace a makarantar gwamnati. Ba kowane gari ke da su ba, kuma wuraren sukan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka a tambaya a ofishin sufeto kafin Oktoba.

Sai takardar haihuwa. Ba a zama jarrabawar ƙasa sai da ita, kuma an sha ganin yaro ya yi shekaru yana karatu, ranar rubuta sunayen masu jarrabawa a ce ba shi da takarda. In an yi wa yaro rajista lokacin haihuwa, ku karɓo takardar a ma'aikatar magajin gari. In ba a yi ba, sai an bi ta wurin alƙali a Dakoro da shaidu, kuma abin yana ɗaukar lokaci, saboda haka a fara tun yanzu. In ta fito, ku duba yadda aka rubuta sunan yaro da shekarar haihuwarsa, ku koya masa ya rubuta sunansa daidai da yadda yake a jikinta, sannan a sa ta cikin leda a ajiye inda gara da ruwa ba za su kai ba.